Bradford: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙasarta, Jama'arta da Siyasarta

Mai bin labaran Birtaniya ya sha jin sunan Bradford, galibi idan ana maganar Musulmin ƙasar ko zaɓe ya ƙarato. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ban da birnin kansa, sunan ya ƙunshi wata ƙatuwar ƙaramar hukuma da ta haɗe shi da garuruwa da ƙauyuka, waɗanda wasu daga cikinsu ko a mafarki ba sa son a kira su 'yan Bradford.

A ina take, kuma mene ne matsayinta?

Tana arewacin Ingila, a yankin Yorkshire ta Yamma, tafiyar kimanin kilomita 14 yamma da Leeds. Ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 36 na manyan biranen Ingila, waɗanda dokar 1972 ta ƙirƙira, suka fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1974. Biyar daga cikinsu na Yorkshire ta Yamma: Bradford, Leeds, Wakefield, Kirklees da Calderdale. Da farko akwai majalisar yanki a samansu, sai gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe ta a 1986. Tun daga nan kwashe shara, gyaran titunan unguwa, ba da izinin gini, ɗakunan karatu, kula da tsofaffi da yaran da ke cikin hatsari, duk suka rataya a wuyan ƙaramar hukumar. Asibitoci ba nata ba ne. Sa ido kan 'yan sanda da tsara harkar bas kuwa suna hannun magajin garin yankin baki ɗaya, kujerar da Tracy Brabin ta fara hawa a 2021.

Ashe ba birni ne zalla ba?

Ko kusa. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 366, kuma wajen kashi biyu cikin uku karkara ce: tuddan Pennine, makiyayar tumaki da aka kewaye da katangar duwatsu, da tsaunuka marasa bishiya da iska ke kaɗawa ba dare ba rana.

Birnin kansa yana cikin kwari, tuddai sun zagaye shi ta kusan kowane gefe. Wani rafi ya ratsa tsakiyarsa, amma ba a ganinsa, don an rufe shi da gine-gine tun ƙarni na 19. Daga nan mutum ya yi arewa sai kwarin kogin Aire, inda Shipley, Bingley da Keighley suke jere, tsoffin garuruwan masaƙu ke nan. Ya haye tsaunin Ilkley sai ya gangaro kwarin kogin Wharfe, inda garin Ilkley yake, da manyan gidaje da shaguna masu tsada. A alƙaluman gwamnati na 2019, Bradford ce ta 13 a talauci cikin ƙananan hukumomin Ingila, alhali unguwannin kwarin Wharfe na cikin waɗanda suka fi walwala a ƙasar. Tsauni ɗaya ne tsakaninsu.

Kwarin nan ya cuci birnin ta fuskar sufuri. Tashoshin jirgin ƙasa biyu ne a tsakiyarsa, Forster Square da Interchange, tazarar 'yan mintuna a ƙafa, amma layin dogonsu bai haɗu ba. Jirgin da ya shigo sai ya koma ta inda ya fito. Filin jirgin saman da ke ɗauke da sunan Bradford ma, a ƙasar Leeds yake.

Mutum nawa ne, kuma su wane ne?

Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin mutum 546,400. Fararen fata su ne kashi 61 cikin 100, 'yan asalin Asiya kashi 32, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ɗan asalin Pakistan ne. A addini, Kiristoci kashi 33.4, Musulmi kashi 30.5, waɗanda suka ce ba su da addini kashi 28.2. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 sun haura kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya sa take cikin wuraren da suka fi yawan matasa a ƙasar.

Masu kiranta garin Musulmi sun faɗi rabin gaskiya ne kawai. A unguwannin Manningham, Toller ko Bradford Moor da ke cikin birni za ka yi doguwar tafiya tsakanin masallatai, mahautan halal da shagunan yadi. A Ilkley ko ƙauyukan kwarin Worth sai ka wuni ba ka ga irin wannan ba.

Me ya tara mutanen Pakistan a nan?

Ulu. A ƙarni na 19 Bradford ce cibiyar cinikin ulu ta duniya, kuma ba ta taɓa ƙoshi da ma'aikata ba. Kafin 1851 jama'arta sun haura 100,000. 'Yan Ailan sun zo gudun yunwa, fataken Jamus sun zo suka gina manyan ɗakunan ajiya a unguwar da har yau ake kira Little Germany, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma 'yan Poland da Yukren suka biyo. Titus Salt, wani attajirin masaƙa, ya gaji da hayaƙin birnin ya fita bakin kogin Aire ya gina masaƙa da gari sukutum ga ma'aikatansa, wato Saltaire, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

A shekarun 1950 da 1960 masaƙun na neman masu aikin dare, aikin da 'yan gari suka fara gudu. Maza daga Mirpur, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, suka cike gurbin. Gina madatsar ruwan Mangla, wadda ta tashi ɗaruruwan ƙauyuka a can, ya ƙara ingiza mutane. Wa ya kira ƙane, ƙane ya kira ɗan baffa, aka cika jerin gidajen dutse da hayaƙi ya baƙanta a kusa da masaƙun. Iyalai na gama isowa, masana'antar ta fara durƙushewa a shekarun 1970 da 1980. Doguwar hasumiyar hayaƙin masaƙar Lister tana nan tsaye a Manningham, ana hango ta daga nesa, amma wani sashe na ginin ya koma gidajen zama. Rashin aiki da zaman 'yan marina tsakanin unguwanni na cikin abin da ya haifar da tarzomar Manningham a 1995 da wadda ta fi ta muni a Yulin 2001.

Yaya ake tafiyar da mulki?

Mazaɓu 30 ne, kowace da kansila uku, jimilla 90. A al'ada kashi ɗaya cikin uku ake zaɓa kowace shekara har sau uku, a huta a ta huɗu, sai dai sabon zanen mazaɓu ya sa aka sanya Mayun 2026 don zaɓen duka kujerun lokaci guda. Jama'a ba sa zaɓen shugaba kai tsaye. Kansiloli ne ke fitar da jagora daga cikinsu, kamar yadda Susan Hinchcliffe ta Labour ta karɓi ragamar a 2016. Akwai kuma magajin gari na ado, mai sarƙar zinariya da buɗe taro, wanda ake sauyawa duk shekara. Mohammed Ajeeb ya riƙe wannan kujera a 1985, shi ne ɗan asalin Asiya na farko da ya kai irin wannan matsayi a Birtaniya.

A majalisar dokokin ƙasa kujeru biyar gare ta. A zaɓen Yulin 2024 Labour ta ci huɗu: Naz Shah, Imran Hussain da Judith Cummins a cikin birni, sai Anna Dixon da ta kayar da Philip Davies na Conservative a Shipley. Robbie Moore na Conservative ya riƙe Keighley da Ilkley.

Ana cewa ƙuri'ar Musulmi ta Labour ce. Haka ne?

Ta daɗe a hannunta, kuma da dalili. A Bradford aka kafa jam'iyyar ƙwadago mai zaman kanta a Janairun 1893, bayan yajin aikin masaƙar Lister, kuma tana cikin waɗanda suka haifi Labour ta yau. Ma'aikacin masaƙa, fari ne ko baƙo, can ya ga gidansa.

Amma akwai wata hanyar da ƙuri'un suka riƙa bi, wadda mutanen wurin ke kira biradari, wato dangi da 'yan ƙauye ɗaya tun daga Kashmir. Dattawan zuri'a su zauna su tsayar da ɗan takara, su yi wa jam'iyya alkawarin ƙuri'un gidaje da dama a dunƙule. Jam'iyyu, ba Labour kaɗai ba, sun ji daɗin wannan ciniki, don ya rage musu wahalar bi gida-gida. Waɗanda aka bari a baya su ne mata da matasan da aka haifa a Ingila.

Su ne suka fara juya akalar. A zaɓen cike gurbi na Maris 2012, George Galloway na jam'iyyar Respect, baƙo daga Scotland, ya ƙwace kujerar majalisar ƙasa ta Bradford ta Yamma da ratar ƙuri'u sama da 10,000. Bayan shekara uku mutanen suka sallame shi, suka zaɓi Naz Shah. A Mayun 2024, fushin yaƙin Gaza ya sa 'yan takara masu zaman kansu suka ƙwace kujerun kansila a unguwannin tsakiyar birni, wasunsu ba su wuce shekara 20 ba. Ɗaya daga cikinsu, Muhammed Ali Islam, ya tsaya takarar majalisar ƙasa bayan wata biyu, Naz Shah ta sha da ƙyar da ratar ƙuri'u 707.

Gaza ce ta kunna wutar, amma a ganina itacen ya daɗe da bushewa. Kansila ba shi da ta cewa kan Gabas ta Tsakiya, kuma masu zaɓen sun san haka. Unguwar da ta shekara da shekaru tana ba jam'iyya ɗaya ƙuri'a, ga shara a lungu, ga matasa ba aiki, ba ta buƙatar dogon wa'azi kafin ta gwada wani.

Me ya sa Keighley da Ilkley ke son ɓallewa?

Domin kafin 1974 kowannensu da majalisarsa, kuma ba su manta ba. Ƙorafinsu shi ne suna biyan harajin gida mai yawa, kuɗin na tafiya tsakiyar Bradford. Robbie Moore da Philip Davies sun yi ta fafutukar a ba mazaɓunsu damar ƙuri'ar raba gardama, Moore har ya kai ƙuduri majalisar dokoki, bai zama doka ba. Masu adawa na cewa Keighley kanta na da unguwannin talakawa da ke cin moriyar babbar tukunya, kuma raba hukuma biyu na nufin biyan manyan ma'aikata sau biyu. Ilkley ce ta fi hujja a lissafin kuɗi. Keighley ta fi ta a ɓacin rai.

Gaskiya ne ƙaramar hukumar ta kusa tsiyacewa?

Ta leƙa ramin. Tallafin gwamnatin tsakiya ya ragu sosai bayan 2010, kuɗin kula da yara kuma ya yi ta hauhawa. Masu binciken gwamnati sun ce sashen kula da yaran ya gaza a 2018, daga baya aka karɓe shi aka miƙa wa wata hukuma ta daban a Afrilun 2023, amma ƙaramar hukumar ce ke biya. A farkon 2024 gwamnati ta amince mata da agajin gaggawa na fam miliyan 220 na shekara biyu, wanda ba kyauta ba ne, izini ne na cin bashi da sayar da kadarori. A 2025 aka bar ta ta ƙara harajin gida da kashi 9.99, ninki biyu na abin da aka saba yarda da shi. A shekarar ce kuma take riƙe da kambun Birnin Al'adu na Birtaniya, ana shagali a dandali, takardar haraji na jiran mutane a gida.

Ɗan Najeriya da ke karatu a can zai iya jefa ƙuri'a?

Zai iya. Jami'ar Bradford, wadda ta samu matsayinta a 1966, na karɓar ɗalibai da yawa daga Najeriya, kuma doka ta ba 'yan ƙasashen Commonwealth masu izinin zama damar yin rajista su zaɓi kansila, magajin garin yanki, har da ɗan majalisar ƙasa. Wannan ya haɗa da 'yan Ghana da Kamaru, ban da 'yan Nijar, Chadi da Sudan, waɗanda ba sa cikin ƙungiyar. Ana yin rajistar ta intanet cikin 'yan mintuna. Tun 2023 sai da shaida mai hoto ake karɓar takardar ƙuri'a a rumfa, kuma fasfo ɗin Najeriya ya wadatar.