Richard Pryor: amsar tambayoyin da samari suka dame ni da su

Tun ranar da na ambaci sunan Richard Pryor a gaban samarin da ke koyon aikin MC a nan Katsina ban huta ba. A majalisa a tare ni, a WhatsApp a turo, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsa sau ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wane ne shi?

Baƙar fatar Amurka ne, ɗan barkwanci na dandamali, wato mutum ɗaya da makirfo a gaban jama'a. An haife shi a 1940 a garin Peoria, jihar Illinois. Ya mutu a Disambar 2005 yana da shekara 65.

Yana TikTok?

Na ce ya mutu a 2005. Ku riƙa karantawa kafin ku tambaya.

Gaskiya ne ashar yake zubawa?

Gaskiya ne, bakinsa ba linzami. Abin da ke ɓata mini rai shi ne nan kaɗai kunnenku ke tsayawa. Wannan mutum a gidan karuwai ya tashi, gidan kakarsa ce ta wajen uba, ita kuma ta raine shi. Abin da wani zai binne har kabari shi ya ɗauko ya hau dandamali da shi. Akwai inda yake nuna yadda kakar ke aiken sa ya je ya karyo tsumagiyar da za ta zane shi da ita. Sai ka ga ƙaton mutum ya koma yaro a gabanka, yana tafe yana jan ƙafa, yana kwaikwayon kukan tsumagiyar a iska. Wane Bahaushe ne bai san wannan aiken ba? Da ciwon zuciya ya kama shi, ya dawo ya yi wasa a kai: shi ne zuciyar tana yi masa tsawa, shi ne kuma mai roƙon ta yana birgima a ƙasa. Cire ashar ɗin duka, wasan na nan da ransa. Ku kuwa in an cire muku ashar, me ya rage?

Haka ya fara?

A'a. Da farko wasa mai tsabta yake yi, irin wanda gidajen talabijin na Turawa ke so. A 1967, a Las Vegas, ana tsakiyar wasa ya ajiye makirfo ya fice. Da ya dawo bayan 'yan shekaru, muryoyin unguwarsu ya zo da su: mashaya, tsofaffin bakin titi, baƙar fatar da ɗan sanda ya tare da dare.

Me ya kai shi Kenya?

Ziyara, a 1979. Kafin nan akwai wata kalmar wulaƙanci da Turawa ke jifan baƙar fata da ita, shi kuma ya mai da ta gishirin wasansa. A Kenya ya ga ƙasa guda ta baƙaƙe suna harkarsu da mutuncinsu, ya duba bai ga wanda kalmar ta dace da shi ba. Ya dawo ya faɗa wa jama'a ya daina kiran ɗan'uwansa da ita. Mutumin da kuke kira marar kunya ke nan, ya yar da kalmar da ke ba shi abinci.

Zan iya yin irin wasansa a wurin biki a Katsina?

Wannan ita ce tambayar, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, ƙanena.

Wani ɓangaren za ka iya, wani kuwa ko kusa. Duk abin da ya taɓa addini, bar shi, babu wayo a ciki. Iyayen amarya da na ango, bar su. Na taɓa tsayawa a wani wurin dina inda wani yaro mai hazaƙa ya ga an fara dariya, sai ya juya kan wata dattijuwa a teburin gaba yana kwaikwayon yadda take tauna nama. Ashe gwaggon ango ce. Ta ajiye cokali a hankali, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareto. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya sake kiran sa aiki a dangin nan.

Masu mulki fa? Nan sai ka auna da kanka, don ba mai ba ka tabbaci. A 2008 kotu a Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu a kan wani fim. A 2022 wata kotun a Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne saboda ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Ban ce ka yi shiru a kan tsadar rayuwa ko rashin tsaro ba, ai mutane na buƙatar mai faɗa. Amma ka taɓa halin da ake ciki daban, ka kama sunan mutum ka jingina masa laifin da ba za ka iya tabbatarwa ba daban. Ko hakan ma ya danganta da wurin: abin da zai wuce a taron abokan ango ba lallai ya wuce a walima ba, kuma waya na ɗauka, gobe wanda bai zo bikin ba shi zai yanke maka hukunci.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Muna da ƙofofin da al'ada ta buɗe tun kafin a haifi Pryor. Bakatsine da Banufe, Bafulatani da Babarbare, jika da kaka, taubasai, duk akwai wasa tsakaninsu. 'Yan kama sun daɗe suna juya waƙa da salon karatu su mai da su zancen tuwo, jama'a na dariya. Shiga ta nan. Sannan ka ɗauki babban abin da Pryor ya yi: fara da naka. Layin mai da ka kwana a kai, kuɗin lefen da ya hana ka barci. Su ma ka tace, kada ka tona asirin gidanku don tafi.

Ai mu Katsinawa an san mu da ashar, mene ne laifi?

An san mu da shi a tasha da majalisar sa'o'i. Kirarinmu kuma cewa ya yi kunya gare mu ba dai tsoro ba. Riƙe makirfo a gaban surukan mutane ba tasha ba ce.

Me ya sa kake yabon mashayi?

Ban yabi shan sa ba. Hodar iblis ta cinye shi, ya doki matansa, shi da kansa bai musa ba. A Yunin 1980 ya cinna wa kansa wuta cikin maye, ya fito titi da gudu yana ci, ya sha jinya. A 1986 aka gano masa cutar da ke lalata jijiyoyi, har tafiya ta gagare shi, ya koma yin wasa a zaune. Duk wanda ya ce maka ƙwaya ce ke kawo basira, aiko shi wurina.

To me ya bari?

Lambobin yabon Grammy 5, waɗanda ake bayarwa a kan faifai a Amurka. Shi aka fara ba lambar yabo ta Mark Twain ta barkwanci a 1998. 'Yan barkwanci irin su Eddie Murphy, Chris Rock da Dave Chappelle duk ta hanyar da ya share suka bi.

Da wanne zan fara kallo?

Wasan da aka ɗauka a garin Long Beach na jihar California, wanda ya fito a 1979. Sa abin kunne, ba a gaban iyaye ko ƙanne ba. In Turancin ya yi maka sauri, kashe sautin na minti biyar ka kalli fuskarsa da ƙafafunsa kawai.