Waƙar The Lion Sleeps Tonight: ku daina cewa ta Disney ce

Disney ne suka ƙirƙire ta?

A'a. Fim ɗinsu The Lion King da aka sa waƙar a ciki a 1994 ya fito, waƙar ta girme shi da shekara 55.

To wa ya yi ta?

Solomon Linda, Bazulu ne ɗan Afirka ta Kudu, shi da ƙungiyarsa Evening Birds suka ɗauke ta a kamfanin faya-fayai na Gallo da ke Johannesburg a 1939. Sunanta na asali Mbube. Na faɗa har na gaji.

Ba waƙar gargajiya ba ce?

Haba jama'a! Da irin wannan maganar aka cinye wa mutumin haƙƙinsa. Sule goma aka ce an ba shi kuɗin waƙar, kuma a wannan kamfanin yake aikin shirya faya-fayai a kwali. Ya rasu a 1962 a talauce, alhali shekara guda kafin nan ƙungiyar mawaƙa The Tokens sun kai ta lamba ɗaya a Amurka da baitukan Turanci da George David Weiss ya ƙara.

Zan iya rera ta in ɗora a YouTube?

To, nan ne gizo ke saƙa. Ya danganta da wacce za ka rera da kuma ƙasar da kake, domin Mbube ta Linda daban, Wimoweh da mawaƙin Amurka Pete Seeger da ƙungiyarsa The Weavers suka yi daga Mbube a farkon shekarun 1950 daban, ta Turancin nan da kowa ya haddace ita ma daban, kuma ita har gobe tana da masu ita tunda Weiss sai 2010 ya rasu. A Najeriya haƙƙin mallaka sai marubuci ya shekara 70 da mutuwa yake faɗuwa, kenan ko ta Linda ma lokacinta bai yi ba. Galibi in da bakinka ka rera ba a sauke bidiyon, sai dai kuɗin talla ya tafi wajen masu waƙar, amma ban yi maka alkawari ba fa. Kwantar da hankalinka, ba wanda zai zo ya kama ka don ka rera a gidan biki. In sayarwa za ka yi kuwa, nemi izini tukuna.

Wacce ta fi daɗi?

Ta 1939, duk da ƙarar tsohon faifai. Sai ta Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu.

Iyalin Linda sun samu wani abu?

Sun samu, a makare. Ɗan jarida Rian Malan ya tona zancen a mujallar Rolling Stone a 2000, aka maka Disney a kotu a 2004, aka yi sulhu a 2006.