Hanuka: bikin da ya rataya a kan tulun mai guda

Duk shekara idan Disamba ta kama, hotunan wata fitila mai rassa tara sukan cika kafafen sada zumunta, a ga shugabannin Amurka da Turai suna taya Yahudawa murnar "Hanukkah". Wasu kan ce Kirsimetin Yahudawa ce. Wannan kuskure ne, lokacin ne kawai ya zo kusa da juna. Kalmar Hanuka Ibrananci ce, ma'anarta keɓe wuri ko abu domin ibada, irin bikin da ake yi in za a fara amfani da sabon gini.

Ginin da ake nufi shi ne Haikalin Urushalima, babban ɗakin ibadar Yahudawa a birnin Ƙudus. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Antiyokus na Huɗu, wanda daularsa ta Girkawa ke mulkin yankin Sham, ya hana Yahudawa kaciya da kiyaye Asabar, ya kuma mai da Haikalin wurin bautar gumaka. Wani limami mai suna Matatiya, a garin Modi'in, ya ce ba da shi ba. Shi da 'ya'yansa biyar suka shiga duwatsu, bayan rasuwarsa ɗansa Yahuda, wanda ake wa laƙabi da Makabi, ya ja ragamar yaƙin. A shekara ta 164 suka ƙwato Haikalin, suka tsarkake shi, suka sake keɓe shi ran 25 ga watan Kislev na kalandar Yahudawa. Sunan bikin daga nan ya samo asali.

Amma abin da ya shiga gidajen mutane har kicin wani labari ne da Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa na dā, ya kawo. Da aka zo kunna fitilar Haikalin, sai aka tarar tulun man zaitun guda ne kacal ya rage da hatimin babban limami a jikinsa, wanda bai wuce na kwana ɗaya ba. Aka kunna, ya ci kwana takwas, har aka samu sabon mai. Duk abin da za ka gani a gidan da ake Hanuka, daga fitilar taga zuwa abin da ke cikin kasko, wannan man ake tunawa.

Fitilar sunanta hanukiya. Ta Haikali rassa bakwai gare ta, wannan kuwa tara: takwas na darare takwas, ta tara ana ce mata shamash, wato hadima, domin da ita ake kunna sauran. Daren farko kyandir ɗaya, na biyu biyu, a haka har a cika takwas. Tsofaffin malamansu sun yi saɓani a kan wannan: almajiran Shammai suka ce a fara da takwas a riƙa ragewa, na Hillel suka ce a riƙa ƙarawa, tunda harkar tsarki gaba take yi. Ra'ayin Hillel aka bi. Ana jera kyandirori daga dama zuwa hagu, a kunna daga hagu, sabon shiga shi ne farko. In ka lissafa har da hadimar kowane dare, kyandir 44 ake ƙonawa, shi ya sa kwalin da ake sayarwa yake zuwa da 44 cif.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a shardanta fitilar ta zama ta azurfa ba. Yara kan samo guntun katako, su manna noti takwas na ƙarfe a jere, su ɗora biyu ko uku a gefe don hadima ta ɗara sauran tsawo, su shafa fenti. Wasu da yumɓu suke ginawa, wasu su jera ƙananan kofunan gilashi, a zuba man zaitun a sa lagwani. Sharaɗin dai takwas ɗin su tsaya a layi ɗaya, kai ɗaya, yadda mai wucewa zai ƙirga ya san dare na nawa ake ciki. Don haka ake ajiye ta a taga ko bakin ƙofa, a Urushalima ma har akwatin gilashi ake sa ta a waje saboda iskar hunturu. Ana so ta ci aƙalla rabin awa bayan duhu ya shiga, kuma ba a karatu ko ɗinki da haskenta, na kallo ne kawai. Sauran adon gida, irin sarƙar takarda shuɗi da fari da taurari masu kusurwa shida da ake yankawa da almakashi, sabon abu ne, ya fi yawa a Amurka.

Abinci kuwa duk na suya ne. Yahudawan gabashin Turai suna yin latke: a gurza ɗanyen dankalin Turawa da albasa, a zuba a tsumma mai tsabta a matse ruwan sosai, a sa ƙwai da ɗan fulawa da gishiri, a riƙa ɗiba da cokali ana baje shi a mai mai zafi har gefensa ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Wanda ya yi ƙyuyar matsewa zai ga latkensa ya sha mai ya yi laɓo-laɓo. Gwanaye kan bar ruwan da aka matse ya kwanta, su zubar da na sama, su mayar da farin sitacin da ya taru a ƙasa cikin ƙullun. Ana ci da dafaffen tuffa da aka niƙa ko kirim mai tsami, sai dai in akwai nama a teburin kirim ba ya hawa, domin dokar abincinsu ta hana haɗa nama da madara. Dankalin ma baƙo ne, daga Kudancin Amurka ya zo, sai a ƙarni na 19 ya zama cimar talakawan Folan da Rasha.

A Isra'ila sufganiya ta fi tashe, wani ƙulli mai yis da ake soyawa, a ɗura masa jam a ciki, a barbaɗa garin sukari. Yahudawan Maroko suna yin sfenj, wanda duk mai cin fanke zai gane ɗan'uwansa ne, illa dai shi da huda a tsakiya.

Bayan an ci sai yara su baje a ƙasa da dreidel, abin juyawa mai kama da katantanwa, mai fuska huɗu. Kowace fuska da harafinta: nun, gimel, hei, shin, farkon kalmomin "babbar mu'ujiza ta faru a can". A Isra'ila ana sauya na ƙarshen da pei, ya zama "a nan". Da gyaɗa ko cakulan da aka naɗe kamar tsabar kuɗi ake wasan.

Kalandar Yahudawa ta wata ce kamar ta Hijira, yini ma daga faɗuwar rana yake farawa, amma suna ƙara wata guda sau bakwai cikin shekara 19. Wannan ya sa Hanuka ba ta zagaya damina da rani yadda azumi ke yi, kullum tana farawa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. A 2024 daren farko ya faɗo ran 25 ga Disamba, a 2025 kuma ran 14. Ba ta cikin bukukuwan da Attaura ta wajabta, ana zuwa aiki da kasuwa a cikinta.

A wasu gidaje kowa kan kunna tasa fitilar, a dare na takwas taga ta cika da wuta. Idan an gama, masu amfani da mai sukan tattara ragowar lagwani da man da ya saura a kofunan su ƙone su wuri guda, tunda an riga an keɓe su, ba a mai da su girki.