Waiwaye: Yadda Turawan mulki suka so raba gari da wayar tangarahu

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, harkar banki da ta sadarwa suka shiga tangal-tangal a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Jama'a suka yi ta tambayar dalilin da zai sa yanki guda ya rataya wuyansa a jikin 'yan igiyoyin da kowane tsautsayi zai iya tsinkewa. Turawan mulkin mallaka sun riga mu yin wannan tambaya fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma amsar da Jamusawa suka ba ta a Togo ita ta jawo musu yaƙi har ƙofar gida.

Wayar ƙarƙashin teku ta iso Accra da Legas a 1886, ta hannun kamfanin Ingilishi. Daga bakin ruwa aka riƙa kafa turaku ana jan waya zuwa cikin ƙasa, kuma a wajejen lokacin da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja a 1900, waya ta riga ta bi ta Jabba ta kai can. Ba don talaka aka ja ta ba. Razdan ne ke son jin umarnin Gwamna, hafsan soja kuma yana son kiran ɗauki kafin gari ya waye.

Riƙon wayar kuwa wahala ce tsagwaronta. Gara ta ci turken itace, gobarar daji ta lashe abin da ya rage da rani, guguwar farkon damina ta kayar da bishiya a kan layi. Tsinkewa ɗaya ta isa ta kashe zancen ɗaruruwan kilomita, sai an tashi ma'aikaci ya bi layin a ƙasa, turke bayan turke, yana ɗaga kai har ya ga inda ta yanke. Turakun ƙarfe da suka maye gurbin na itace kuwa, a kan 'yan dako suka shiga daji. Ga kuma abin da ya fi damun masu mulki: duk wanda ya yi niyyar tawaye ya san inda zai fara. Jamusawa sun ɗanɗana wannan a 1904, lokacin da 'yan ƙabilar Herero suka tashi a ƙasar da yau ake kira Namibiya suka datse musu layuka.

Sai dai babbar damuwar Jamus tana cikin teku. Mafi yawan wayoyin ƙarƙashin ruwa na duniya a hannun kamfanonin Ingila suke. Shekara da shekaru, saƙon Gwamnan Togo sai ya bi ta Gwalkwas (Ghana ta yau) ko Dahome (Jamhuriyar Benin ta yau) kafin ya kama hanyar Balin, wato ta hannun kishiyoyinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. A 1913 Jamusawa suka kawo tasu wayar Lome da Duwala (a Kamaru) ta Monrobiya, amma ita ma ta mashigin ruwan Ingila ta bi kafin ta isa gida.

Shi ya sa suka zuba ido ga wayar iska. Marconi, masanin nan ɗan Italiya, ya tsallakar da sigina tekun Atlantika ba tare da waya ba a Disamban 1901, Jamus ta kafa kamfanin Telefunken a 1903, aka gina babbar tasha a Nauen kusa da Balin. Abin da ya rage shi ne a sami wata tashar a Afirka mai ƙarfin da za ta amsa mata. Aka zaɓi Kamina, wani ƙauye kusa da Atakpame, can cikin ƙasa inda igwar jirgin ruwa ba za ta kai ba, kuma kusa da ƙarshen layin dogon da ya taso daga Lome. Aiki ya fara a 1911 a ƙarƙashin Baron Anton Codelli. Hasumiyoyin ƙarfe 9 aka tayar, mafi tsayinsu mita 120, da injinan tururi masu ba da wuta, domin a wancan zamani da dogon zango ake aiki, shi kuwa sai da ƙaton eriya da wuta mai yawa. Tsakanin Kamina da Nauen ya haura kilomita 5,000. Daga nan ake son miƙa saƙo zuwa Duwala da Windhuk (a Namibiya ta yau) da jiragen Jamus da ke kudancin Atlantika.

Ba a daɗe da gama ta ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ranar 5 ga Agusta 1914 Ingila ta yanke wayoyin Jamus guda 5 a mashigin ruwanta, ciki har da wadda ke biyowa Afirka ta Yamma. Hasashen Jamusawa ya tabbata. Kamina ta zama bakinsu da kunnensu, ta kuma yi aikinta: ta riƙa gargaɗin jiragen kasuwancin Jamus su ruga tashoshin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu kafin a kama su.

Amma an gudu ba a tsira ba. Layin waya ko an yanke shi ana iya ƙullawa gobe. Tasha kuwa wuri ɗaya take, kowa ya san inda take, ga shi Togo ba ta da rundunar soja sai ta 'yan sanda. Muƙaddashin Gwamna, Manjo von Doering, ya nemi a bar yankunan mallaka daga cikin yaƙin, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Sojan Gwalkwas a ƙarƙashin Frederick Bryant suka shigo ta yamma, na Faransa suka taso daga Dahome. Wannan runduna ta Gwalkwas tsatsonta dakarun nan ne da aka fi sani da 'yan sandan Hausa, kuma Hausa ce harshen bariki a cikinta. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Grunshi, shi ake lissafawa a matsayin sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An gwabza a kogin Chra ranar 22 ga Agusta, inda mafi yawan waɗanda suka faɗi 'yan Afirka ne, kan wata na'ura da ba a taɓa aika saƙon ɗayansu da ita ba. A daren 24 ga wata Jamusawa suka kayar da hasumiyoyin da hannunsu suka ƙone injinan, ranar 26 suka miƙa wuya. Duwala ta bi baya a Satumba, Windhuk a Mayun 1915.

Ingila, da yake wayoyi na hannunta, ba ta yi gaggawa ba. An ƙulla yarjejeniya da kamfanin Marconi a 1912 don jera tashoshi a faɗin daularta, sai badaƙalar hannun jari da ta shafi wasu ministoci ta dabaibaye shirin, yaƙi ya ƙarasa shi. Sai da aka gano amfanin gajeren zango al'amura suka juya. A 1926 da 1927 aka buɗe irin waɗannan tashoshi zuwa Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya, masu arha ƙwarai, nan da nan suka fara ƙwace cinikin kamfanonin waya.

A nan ne gwamnatin Ingila ta nuna inda zuciyarta take. Saƙon iska kowa mai na'ura yana iya kama shi, na waya kuwa sai wanda ya taɓa igiyar. Ba ta yarda a bar wayoyin su mutu ba. A 1929 aka haɗe kamfanonin waya da harkar wayar iska a inuwa ɗaya, kamfanin da aka raɗa wa suna Cable and Wireless a 1934, kuma shi ya ci gaba da riƙe hanyar sadarwar Legas da ƙetare har bayan samun mulkin kai.