Waiwaye: yadda kuɗin wata shida ya zama abin riƙon yaran Adar

Tun farkon 2025, da manyan ƙasashe masu ba da tallafi suka fara tsuke bakin aljihu, da wuya ka zauna a wata fada a Tawa har a kai shayi na biyu ba a taɓo zancen ƙungiyoyin agajin yara ba. Wasu na cewa su tafi mana, dama me suka tsinana in ban da hayar manyan gidaje da yawo cikin fararen motoci. Wasu kuma, galibi waɗanda suka taɓa kwana da yaro a ɗakin masu tamowa, sai su ce a yi hattara da baki. Duka ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya da daddare abin ya faɗo. Alhali igiyar da ta tsinke yanzu, yau wajen shekara ashirin ke nan da aka tufke ta, kuma tun ranar tufkar siririya ce.

Farkon labarin ba ɓoyayye ba ne. A 1919 Eglantyne Jebb da ƴar'uwarta Dorothy Buxton suka kafa Save the Children a Landan, saboda yaran da yunwa ta kama a Turai bayan yaƙin duniya na ɗaya. Plan ta fito daga yaƙin basasar Sifaniya a 1937, ita ce ta yaɗa tsarin nan na mutum ɗaya ya ɗauki nauyin yaro ɗaya daga nesa. UNICEF ta zo a Disamban 1946 a matsayin asusun gaggawa, sai a 1953 aka mai da ita ta dindindin. SOS, wadda ke da gidan yara a nan Tawa, ta faro a Ostiriya a 1949. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijar ta shige ta a 1990. Wato ƙungiyoyin nan dukansu ƴaƴan yaƙi ne, an haife su don yaran Turai, kuma da kuɗin roƙo suka tashi.

Wannan kuɗin roƙon shi ne ya ƙera su. Mu a nan muna ganin tambari ɗaya a ƙofar mota sai mu ɗauka ƙungiya gida ɗaya ce mai rumbu ɗaya. Gida biyu ne. Akwai gidan tarawa, wanda ke ƙasashe masu arziki, aikinsa neman kuɗi daga gwamnatoci da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. Akwai gidan kashewa, wanda muke gani a Yamai da Tawa da Maradi. UNICEF ma, duk da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ba ta da kaso cikin kuɗin da ƙasashe ke biya na dole. Ko dala ce ta shigo mata, kyauta ce. Hedikwatarta na New York, ƙasashe 36 ke zama a majalisar da ke kula da ita, babban ma'ajin kayanta na Kofenhagen, ofishin da ke duba yankinmu na Dakar. Save the Children kuwa ƙungiyoyi ne wajen talatin, kowace da ƙasarta da asusunta, sai a 2010 suka haɗa aikinsu na ƙasashen waje ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Kuɗin kansa iri biyu ne. Akwai wanda ake bayarwa a ce ku yi abin da kuka ga ya dace. Akwai mai igiya a wuya: na ƙasa kaza, don aiki kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza. Na farkon shi ke ba ƙungiya damar tsara abu mai nisa, shi ne kuma ya yi ta ƙanƙancewa, har a shekarun nan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shiga asusun UNICEF ba. Mai riƙe da igiya kuwa shi ke cewa ga inda akuya za ta yi kiwo.

Kowa a Adar na tuna 2005. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta cinye abin da ya rage, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a saba gani ba, mata suka koma jiƙa anza. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya biyo baya, daga ƙarshen wannan shekara zuwa 2007, wanda yawancinsa a kan takarda ya faru, shi ya sa bai zauna a bakin mutane ba.

Kafin nan, yaron da tamowa ta kama sosai kwantar da shi ake yi. Madara ta musamman ake dama masa, tana buƙatar tsabtataccen ruwa da ma'aikaci a tsaye dare da rana, uwa kuma ta bar gida da gona da sauran ƴaƴa ta yi kusan wata a asibiti. Gado nawa ne, yara nawa ne? Lissafin bai taɓa fita ba. A 1996 aka ƙirƙiro wani haɗi a Faransa, na tunkuzar gujiya da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ba a dafa shi, ba a sa masa ruwa, ba ya saurin lalacewa. Sunansa Plumpy'Nut, matanmu suka raɗa masa biskit. A Nijar aka fara amfani da shi da yawan da duniya ba ta taɓa gani ba: a 2005 kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, da cibiyoyi a Maradi da Dakoro da Keita da Tawa, mafi yawansu a gida suka warke, uwa na zuwa sau ɗaya a mako a auna yaro a ba ta na kwana bakwai. A shekarar ce kuma aka fara sarrafa shi a Yamai.

Daga nan abubuwa suka bi juna. A ƙarshen 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sake fasalin aikin agaji, aka raba shi rukuni-rukuni, kowane da jagoransa: UNICEF ta riƙe na abinci mai gina jiki da na ruwa da tsabta, daga baya kuma ita da Save the Children suka riƙe na ilimi. A 2006 Majalisar ta buɗe asusunta na gaggawa mai suna CERF, wanda kuɗinsa na kai ɗauki cikin sauri ana so a kashe shi cikin wata shida. A shekarar dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon ma'aunin girman yara, wanda ya sa yara da dama da a da ake cewa da sauƙi suka shiga sahun masu tsanani. A 2006 ɗin kuma Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, iyaye mata suka cika likitoci. A 2007 hukumomin Majalisar suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa jinyar tamowa a gida ita ce hanya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne, kuma ba zan yarda a shafe shi ba. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Akwai samari a fadojin nan masu cewa ƙungiyoyi su tafi, waɗanda biskit ne ya tsayar da su da ƙafafunsu.

Amma a haɗa su wuri ɗaya a ga abin da suka haifar. Yaran da ake jinya suka tashi daga dubbai zuwa dubban ɗaruruwa a kowace shekara, ko damana ta yi kyau ko ba ta yi ba, domin tamowa a nan ba sai da fari take zuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro da zawo da yaye da wuri da rumbun da ke ƙarewa kafin sabon hatsi, duk shekara suna nan. Ciwo ya zama na kullum. Kuɗin da aka jingina shi a kai kuwa daga aljihun gaggawa ya fito, mai wa'adin wata shida ko shekara, wanda sai an sake rubuta takarda an sake nuna cewa akwai bala'i kafin a sabunta. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Aljihun da ke buɗe ke nan a lokacin, yara kuma na mutuwa, aka zura hannu. Shekara ta bi shekara ana sabuntawa har aka manta cewa aro ne.

Sai kuma sarƙar da kuɗin ke bi. Mai bayarwa ya ba hedikwata, hedikwata ta ba ofishin Yamai, ofishin ya ƙulla da wata ƙungiya ta waje, ita kuma ta ɗauki ta gida, ta gidan ta biya masu zagaya ƙauyuka. A kowace gaɓa ana cire kuɗin tafiyar da aiki, kuma kowace gaɓa rahotonta sama yake hawa, da Faransanci ko Ingilishi, ba ya saukowa wurin mai gari. A taron Istambul na 2016 manyan masu bayarwa da ƙungiyoyi sun yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari zai riƙa zuwa hannun ƴan gida kai tsaye gwargwadon iko kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a kai ba.

Ƙarshen sarƙar na gan shi da idona a wata likita ta ƙauye a hanyar Keita, ranar awo. Mata sun yi layi a inuwar bedi, kowace da katinta a naɗe cikin leda. Ɗan ƙanwata, wanda ya yi shekaru yana aikin zagaye da wata ƙungiya ta gida, yana zura wa yara ɗan tsirin awo a damtse: tsanwa lafiya, ɗorawa a sa ido, ja kuwa, ƙasa da milimita 115, a shiga da shi ciki. Wani yaro ya yage bakin ledarsa da haƙori yana tsotsa, yayarsa na tsaye tana kallon bakinsa. Kwali ɗaya leda 150 ne, kusan jinyar yaro ɗaya ke nan. Na ƙirga kwalayen da ke jingine a bango, na ƙirga layin, ban ce komai ba.

A hanyar komawa na tambaye shi ko aikin na nan.

Ya ce, "Kawu, takardata ƙarshen wata take ƙarewa."

Na ce ai haka ka gaya mini bara.

"Bara an sabunta, Kawu. Sau tara ana sabunta mini, ban taɓa riƙe ta fiye da shekara ba. Bana shugabanmu ya ce su ma na Yamai jira suke."

Na ce su kuma wa suke jira? Ya ɗaga kafaɗa, ya tada babur. Tsirin awon na rataye a wuyansa, jan gefen ya koɗe saboda rana.