Ma'anar "Tre Bicchieri": Kofuna Ukun da ke Ɗaga Darajar Manomi a Italiya

Idan kaka ta kama a Italiya, wajen watan Oktoba, akwai kalmomi biyu da ke cika bakin masu gonakin inabi da dillalansu da masu gidajen abinci: Tre Bicchieri. Da harshen Italiyanci ma'anarsu "kofuna uku". Lambar yabo ce mafi girma da wani littafin jagora mai suna Vini d'Italia yake ba giyar inabin da masu ɗanɗanonsa suka ga ta yi zarra a shekarar. Kamfanin Gambero Rosso da ke Roma ne yake buga littafin duk shekara. Babu kuɗi a cikin kyautar. Zanen 'yan kofuna uku ne kawai a gefen sunan giyar, amma zanen nan kan sa manomin da bai taɓa fita daga ƙauyensu ba ya wayi gari 'yan kasuwar Amurka da Jamus da Japan suna neman lambar wayarsa.

Na san akasarin masu karanta wannan ba mashaya ba ne, kuma hukuncin giya a addini ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda littafi ya zama alƙalin kasuwar da ke shigo wa Italiya da kusan Yuro biliyan 8 a shekara daga ƙasashen waje.

Sai mun koma 1986 za a gane mafarin abin. A watan Maris na shekarar, wasu marasa tsoron Allah a yankin Piemonte suka zuba sinadarin metanol a cikin giya mai araha don su ƙara mata ƙarfi. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu suka makance. Ƙasashe suka riƙa tsare kayan Italiya a kan iyaka, sunan giyar ƙasar ya zube. A ƙarshen shekarar ne wani ɗan jarida, Stefano Bonilli, ya fara fitar da 'yan shafuka 8 kan abinci da abin sha a cikin il manifesto, jaridar 'yan gurguzu. Ya raɗa musu suna Gambero Rosso, wato "jan jatan lande", sunan masaukin da dila da kyanwa suka ci suka ƙoshi a aljihun Pinocchio a tatsuniyar nan da kowane yaron Italiya ya sani. Shekara guda bayan haka littafin jagoran ya fito da tambarin 1988, da haɗin gwiwar ƙungiyar Carlo Petrini wadda daga baya ta zama Slow Food, mai kare abincin gargajiya, shi da Daniele Cernilli suna jan ragamar aikin. Mutane sun tsorata da abin da ke cikin kwalba, suna neman wanda zai ce musu ga manomin kirki, ga inda gonarsa take.

Me ya sa uku, ba biyar ko goma ba? Bayanin da aka fi bayarwa shi ne kwalba ɗaya tana cika kofi shida. Mutum biyu in suka zauna cin abinci, kowa zai samu uku. Giyar da aka shanye kwalbarta tas, ita ce mai kofuna uku. Wadda aka tsaya a kofi ɗaya, ba ta da laifi, amma ba ta kira a ƙara ba.

Ga yadda aikin yake tafiya. Daga bazara masu gonaki ke aika kwalabe, a tara su yanki-yanki. Ana lulluɓe kowace kwalba yadda ba a ganin suna, sai lamba. Mai ɗanɗano ya zuba kaɗan a kofi, ya karkata shi a kan farar takarda ya duba launi, ya juya ya sunsuna, ya kurɓa ya wurwura a baki, sannan ya tofar a bokiti ya rubuta abin da ya ji. Dole ya tofar, don wanda zai bi ta kan kwalabe masu yawa a wuni guda in yana haɗiyewa ba zai kai azahar a tsaye ba. Waɗanda suka tsallake wannan mataki su ake kaiwa zagayen ƙarshe. Wadda ta kai can ta faɗi, ana buga mata kofuna biyu da jan tawada, alamar ta kusa. A bugun farko, giya wajen 30 ne kacal suka samu kofuna uku. Yanzu sun kai wajen 500 a shekara, cikin dubun-dubatar da ake ɗanɗanawa. Wasu na cewa giyar Italiya ce ta gyaru, wasu na cewa hannun alƙalan ne ya sake. Ni ina ganin duka biyun da ƙamshin gaskiya.

Mai karatu zai iya tambaya: ba gwamnati ke tantance inganci ba? Tana yi, amma aikinta daban ne. Tun 1963 Italiya ta kafa dokar DOC, wadda ke ƙayyade daga wane yanki giya ta fito, da wane irin inabi, da yadda za a sarrafa ta. A 1980 aka fara ba da matakin da ya fi shi tsauri, DOCG, kuma manyan jajayen giya irin su Barolo da Barbaresco da Brunello di Montalcino suna cikin na farko. Barolo dole ta zama daga inabin Nebbiolo zalla, daga ƙauyuka 11, a ajiye ta wata 38, 18 daga ciki a gangar katako. Brunello daga Sangiovese zalla, kuma ba ta shiga kasuwa sai 1 ga Janairun shekara ta biyar bayan girbi. Irin wannan kariyar suna ce Nijar ta samar wa albasar Galmi da kilishinta. Sai dai takardar gwamnati ba ta bambanta hannu da hannu. Kamar yadda ba duk mai kilishi ne gwani ba ko da a layi ɗaya suke kasa kaya, haka ɗaruruwan masu yin Barolo duk sun cika sharuɗɗa, amma tsakanin wani da wani akwai tafiyar kwanaki. Wannan gurbin littattafan jagora suka cike.

Wani lokacin ma doka ce ke jan ƙafa. Sassicaia, wadda gonar Tenuta San Guido a Bolgheri ta fara sayarwa daga girbin 1968, an yi ta da inabin Cabernet mai asali da Faransa, don haka shekara da shekaru doka ta ajiye ta a matakin vino da tavola, aji ɗaya da giyar da ake aunawa a jarka. Haka Tignanello ta gidan Antinori. Marubuta irin su Luigi Veronelli da littattafan jagora ne suka riƙa shelar cewa waɗannan suna cikin mafi kyau a ƙasar. Sai a 1992 aka ƙirƙiro matakin IGT da ya ba irinsu wurin zama, ita kuwa Sassicaia ta samu nata DOC ɗin a 1994.

To amma ƙarfin da ke ɗaga mutum shi ke lanƙwasa shi, kuma babu inda aka ga haka kamar a tuddan Langhe, gidan Barolo. Tsofaffin wurin suna ajiye giyarsu a manyan gangunan da suka gada kaka da kakanni, ta fito da ɗaci da tauri, sai ta shekara goma ko fiye kafin ta yi laushi. Matasa suka je Burgundy a Faransa, suka ga manoma irinsu suna hawa motoci masu tsada, suka dawo da ƙananan gangunan sabon katako masu cin lita 225 da ake kira barrique. Elio Altare na ƙauyen La Morra ya shiga ma'ajiyar gidansu a 1983 da zarto mai inji, ya daddatse gangunan mahaifinsa. Uban ya ɗauka ɗan ya zautu, ya cire shi daga gado. Giyar waɗannan matasa tana fitowa baƙi-baƙi, da kauri, da ƙamshin katako, kuma a teburin da ake jera kwalabe da yawa, mai ƙarfin murya ita ake ji. A shekarun 1990 kofuna da makin masu sharhin Amurka suka karkata gare su. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: manoma da dama da ba su da ra'ayin barrique suka sayo ta, don sun ga inda kasuwa ta nufa. Bartolo Mascarello, dattijon da ya ƙi sauya komai har ya rasu a 2005, ya taɓa zana wa kwalbarsa takarda da hannunsa ya rubuta "No barrique, no Berlusconi", wato ba ya son barrique, ba ya kuma son Berlusconi, ɗan siyasar da ya yi firayim ministan Italiya. A yau kwalaben gidansa, da 'yarsa Maria Teresa ke gudanarwa, suna cikin waɗanda ake rububi, kuma yawancin matasan jiya sun rage sabon katakon.

Sai kuma abin kunyar 2008, lokacin da masu gabatar da ƙara a Siena suka binciki wasu masu yin Brunello bisa zargin suna cakuɗa wasu nau'o'in inabi don launi ya ƙara duhu. Har Amurka ta yi barazanar hana shigar da ita. Jama'a suka tambaya: gwanayen hanci da harshen nan ina suke? Akwai kuma tsohon ƙorafin cewa kamfanonin da ke raba yabo su ne ke shirya bukukuwan baje koli da masu giya ke biyan kuɗin shiga. Lulluɓe kwalba yana rage son kai, amma bai kashe bakin masu zargi ba.

Shi ya sa mai hankali a Italiya ba ya dogara da littafi ɗaya. Na gidan Veronelli taurari yake bayarwa. Bibenda nonon inabi biyar ne ƙololuwarsa. Ƙungiyar ƙwararrun masu zuba giya ta AIS tana da nata mai suna Vitae. Cernilli, bayan ya bar Gambero Rosso, ya kafa nasa a ƙarƙashin sunan DoctorWine. Har akwai masu bin littattafan duka suna ƙirga giyar da kowa ya yarda da ita, kuma jerin kan fito gajere ƙwarai.

A wurina, amfanin waɗannan littattafai bai tsaya ga kofunan ba. Buɗe shafi ɗaya na Vini d'Italia ka gani: sunan gona, ƙauye da adireshi, hekta nawa aka shuka, kwalba nawa ake yi a shekara, 'yan layuka kan iyalin da ƙasar wurin, sannan jerin giyar, baƙin ɗigo ga ja, farin ɗigo ga fara, da lambar da ke nuna matakin farashi. Gonaki sama da 2,000 a haka, kowace shekara. Wanda ya jera bugu goma a gabansa zai ga wanda ya sayi gonar maƙwabcinsa, da wanda 'ya'yansa suka karɓi ragama, da wanda ya ɓace. Dillalin da ke Hamburg ko New York ba zai iya zagaya Italiya ƙauye-ƙauye ba, da wannan littafin yake gano mai hekta biyar a gindin dutsen Etna.

Slow Food da Gambero Rosso sun raba gari a 2009, kuma abin da Slow Food ta fito da shi a ƙarshen 2010, wato Slow Wine, ya ɗauki wannan ɓangaren ya mai da shi ginshiƙi. Ya ajiye tsarin maki. Wakilansa kan taka har gona, don zuwa da kai ya fi aike, su shiga tsakanin kunyoyi su duba ƙasa. Babbar alamarsu dodon koɗi ce, kuma gonar ake ba ita ba kwalba ba. A ƙasan kowane shafi ana rubuta irin takin da manomin ke zubawa, da maganin ƙwarin da yake fesawa, da ko noman ciyawa yake yi ko feshi, da ko inabin da ya matse duk nasa ne ko ya sayo wani daga waje.