Waiwaye: Yadda Mashigin Hanauma Ya Kai Ga Ƙayyade Baƙi

Muhawarar da ake yi a jihar Hawai ta Amurka kan mashigin teku na Hanauma, da ke tsibirin Owahu, ta fi karkata ga kuɗin shiga na dala 25 da ake karɓa daga waɗanda ba mazauna jihar ba, da neman gurbi ta intanet, da rufe wurin ranakun Litinin da Talata. Wasu na ganin an ƙuntata wa jama'a, wasu kuma na cewa har yanzu mutane sun yi wa murjani, wato halittar ruwa mai kama da dutse da ke ƙasan mashigin, yawa. Ɓangarorin biyu kan fara lissafi daga annobar korona, alhali al'amarin ya girme ta da shekaru fiye da hamsin.

Farkon labarin sananne ne. Mashigin bakin tsohon dutse ne mai aman wuta da teku ta cika, sarakunan Hawai sun yi kamun kifi a cikinsa, a 1956 aka fasa wani sashe na murjanin da nakiya domin shimfiɗa wayar tarho ta ƙarƙashin ruwa, sannan yawon buɗe ido ya bunƙasa bayan Hawai ta zama jihar Amurka a 1959.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya biyo bayan 1967, shekarar da aka ayyana Hanauma a matsayin yankin kare halittun ruwa na farko a jihar. Matakin ya zo da kyakkyawar niyya, kuma ya yi aiki, domin an hana kamun kifi da ɗaukar duk wani abu daga ruwan. Sai dai fahimtar wancan zamani ta ɗauki ɓarna a matsayin abin da mutum ya cire ya tafi da shi, ba ta lura da abin da yake zuwa da shi ba. Da kifaye suka daina tsoron mutum, suka yawaita a ruwa mara zurfi, sai labari ya bazu, baƙi suka riƙa zuwa da burodi da koren wake suna ciyar da su da hannu, har ciyarwar ta zama babban dalilin zuwa. Illar ta shiga sannu a hankali. Kifaye masu zalama, waɗanda suka iya kokawar abinci, sun mamaye gefen gaɓa suka ture sauran, masu ciyarwa kuma, yawancinsu ba gwanayen iyo ba ne, suna tsayawa a kan murjani, wanda halitta ce mai rai da ke ɗaukar shekaru kafin ta ƙaru da ɗan yatsa. A ƙarshen shekarun 1980 baƙi sun kai kimanin miliyan 3 a shekara. A ganina nan tushen matsalar yake: kariyar ta ƙara wa wurin farin jini, ba a kuwa haɗa ta da iyakar yawan masu shiga ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

Daga 1990 aka fara gyara, aka taƙaita zuwan motocin yawon buɗe ido, aka hana ciyar da kifi a 1999, daga 2002 kuma aka wajabta wa baƙo kallon ɗan gajeren bidiyon wayar da kai kafin ya sauka gaɓa. Rufewar watanni tara a 2020 saboda korona ta ba masu bincike damar ganin mashigin babu kowa, suka kuma tarar ruwan ya ƙara haske sosai. Wannan ne ya ƙarfafa tsarin da ake jayayya a kansa yanzu, wanda ke ƙoƙarin amsa tambayar da aka bari a buɗe tun 1967, wato mutum nawa mashigin zai iya ɗauka a rana ba tare da murjaninsa ya ci gaba da lalacewa ba.